Yadda muka gyara bakin dokina da tafiyarsa, tun daga asibitin dabbobi har zuwa fili

Duk wanda dokinsa ke kaɗa kai da an taɓa linzami, ko yana hangame baki yana wasa da harshe, ko ya ƙi tafiya sosai sai 'yar sassarfar nan mai jijjiga hanji, to wannan rubutun nasa ne. Na san shawarar farko da za a ba shi a barga, a ce a nemo linzami mai zafi ko a ɗaure masa kai ƙasa, ni ma ita aka fara ba ni. Hanyar da na bi daban ce, horon nan ne da turawa ke kira diresaj, wato koya wa doki daidaita tafiyarsa da bin umarnin mahayi a natse, kuma da yake a nan wajenmu babu wani ofis ko makaranta da za ka shiga a ce maka ga mataki na ɗaya ga na biyu, na sha yawo da tambaya kafin abin ya jeru. Zan faɗe shi yadda ya faru daki-daki, wanda zai bi bayana ya rage wa kansa wahala da ɓarnar kuɗi.

Dokin bidi ne, ingarma, a kasuwar Maigatari na saye shi wata Alhamis cikin dawakan nan da ake shigowa da su ta iyakar Nijar. Ƙafa lafiya, ƙirji da faɗi, ba ya cizo ba ya harbi. Horon gida aka yi masa, da linzaminmu na gargajiya mai zoben ƙarfe da ke zagaye haɓa da kuma harshen ƙarfen nan da ke tashi ya daki ganɗa in an ja. Ni fa ban raina wannan linzamin ba, don aikinsa aka ƙera shi, mahayin da ya iya sakin kamazuru yake yi lako-lako, sai lokacin zamiya a gaban sarki ya ɗan taɓa, doki ya zauna kan ƙafafun baya. Inda matsalar take, doki kan bi ta hannu da yawa kafin ya iso gare ka, yara sun yi kilisa da shi, masu haya sun yi sukuwa da shi a biki, kowa ya fizga son ransa. Nawa ya zo ya riga ya tsani duk wani abu da za a sa masa a baki. Da ka ɗauki kamazuru sai ya wurga kai sama har ya kusa dukan hancinka, bayansa ya lotsa, takunsa ya gajarce, in kuma ka matsa masa sai ya naɗe wuya ya manna haɓa a ƙirji, ka ji hannunka wayam babu komai a ciki. 'Yan kallo wannan na biyun suke yabawa wai ya yi kwalliya, alhali ɓuya yake yi wa ƙarfen.

Neman wanda zai koya mana shi ya fi cin lokaci. Masu horon doki ba su da wuyar samu a Kano, amma yawanci ko na hawan sallah ne ko na sukuwa ko na polo, kowanne da abin da yake so doki ya iya cikin gaggawa. A ƙarshe wani abokina ɗan polo ya haɗa ni da wani dattijo, tsohon ɗan sandan doki da ya yi ritaya, wanda ya samu wannan horon lokacin yana aiki. Ranar farko ko hawa bai yi ba. Ya sa yaron barga ya ja dokin ya tafi ya dawo a kan ƙasa mai tauri, shi yana tsaye a baya yana kallon ƙafa, ya sa aka yi sassarfa, ya bi gadon bayan da yatsu yana dannawa, sannan ya tura babban yatsa ta gefen baki inda babu haƙori, dokin ya zabura. Sai ya tsuguna ya tona kashin dokin da tsinke, ga ƙwayar dawa nan ɗai-ɗai yadda aka haɗiye ta, ya kuma nuna mini dunƙulen harawa da aka tauna rabi aka tofar a gindin turke. Ya ce "Alhaji, kar ka ba ni ko sisi yanzu, ka kai shi likita ya duba haƙora, in an gama ka kira ni." Na ce Baba ai ni horo na zo nema, ya ce bakin da ke ciwo ba ya ɗaukar karatu. Raina bai so ba gaskiya, don na sa rai a ranar za a fara.

Asibitin dabbobin da na fara zuwa na yanki kati, kuɗin ba yawa, aka rubuta sunana da launin doki da shekarunsa, aka tambaye ni rasit ɗin da aka ba ni a kasuwa da ko an taɓa yi masa rigakafi. Wannan rasit ɗin ku adana shi, gaba ma an sake nema. Na zauna a benci tun hantsi tsakanin masu awaki da masu kaji, dokin yana ɗaure a gindin darbejiya sai haniniya yake, da layi ya zo kaina likitan ya ce su ba su da ƙarfen buɗe bakin doki kuma ba su da magagarin haƙori. Ya dai ba shi maganin tsutsa da allurar tetanus, ya rubuta a katin, ya ba ni lambar wani likita da ke zagaya bargunan 'yan polo. To kafin ka wahalar da doki a rana ka fara buga waya ka tambaya kai tsaye ko suna goge haƙorin doki. Shi likitan na biyu na same shi ya bi dawaki gasar polo a Kaduna, sai da na jira ya dawo, sannan ya zo har barga da akwatinsa, kuɗin mansa a kaina.

Allura ya fara yi masa wadda ke sa doki gyangyaɗi a tsaye, kai ya yi nauyi, leɓen ƙasa ya saki. Ya sa masa ƙarfen da ke riƙe baki a buɗe, ya haska da fitilar goshi, ya ce in wanke hannu in tura in ji da kaina. Wallahi gefen haƙoran turmin sama ta wajen kumatu kaifi ne sosai, sai da ya karce mini yatsa, cikin kumatun kuwa duk gyambo. Ya yi mini bayani cewa haƙoran doki ba sa daina fitowa sai ya tsufa tukuf, kamar milimita 2 zuwa 3 duk shekara, kuma muƙamuƙin sama ya fi na ƙasa faɗi, shi ya sa wajen tauna gefen waje na haƙoran sama da gefen ciki na haƙoran ƙasa ba sa gogar juna, sai su yi tsini, na sama su yanki kumatu na ƙasa su yanki harshe. Ka ƙara da maɗaurin hanci da ke matse kumatun a kan wannan kaifin. Ya kuma samu wani ɗan mitsitsin haƙori a gaban turmin farko na sama, daidai inda ƙarfen linzami ke bugawa, ya cire shi. A dasashin ƙasa inda linzami ke kwanciya akwai tsofaffin tabo, ganɗar ma haka. Ya goge, ya wanke bakin, ya ce kar a ba shi abinci sai ya wartsake sarai don kar ya shaƙe, kuma kar ƙarfe ya shiga bakin sai wajen mako biyu. Wannan zuwan shi ne kuɗi mafi girma da na biya a tashi ɗaya, allurar daban, aikin daban, cire haƙorin daban, in ka haɗa zai kai abin da dokin ke ci a wata.

Cikin wannan hutun Baba ya dawo ya duba sauran kaya. Sirdinmu na gargajiya mai katako ya ɗora shi a bayan dokin babu komai a ƙasa, ya nuna mini inda yake zaune a kan ƙashin nan da ke tsakanin wuya da gadon baya, ga fararen gashi biyu a wurin, alamar tsohon miki. Ya ce ya kamata yatsu biyu zuwa uku su shiga tsakanin gaban sirdi da wannan ƙashin, ko da mutum yana kai. Na samo sirdin turawa na hannu, albarkacin polo da ya kafu a arewa tun zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko da ɗansa Usman Nagogo irin kayan nan ba sa wuyar samu, amma ka gwada a bayan dokinka kafin ka biya, na farko da aka kawo mini faɗi ya yi masa. Aka kira mai yankan kofato ya daidaita, don na gaba sun yi tsawo yana tuntuɓe, aka ce a riƙa yi duk bayan mako shida zuwa takwas. Abinci ma aka juya shi, aka rage dawa da dusa aka ƙara harawa da ciyawa, kuma aka daina barinsa a turke wuni guda. Yaron barga bai ji daɗin wannan ba, a wajensa doki mai ƙiba mai tsalle shi ne dokin da aka kiwata, sai da na riƙa leƙawa da kaina.

Linzamin da Baba ya ce in saya shi ne sinafil, ƙarfe mai santsi mai gaɓa a tsakiya da zobe ɗaya kowane gefe, babu ƙafa babu sarƙar haɓa, abin da hannunka ya yi shi kaɗai bakin zai ji, ba a ninka masa ƙarfi. Mai shagon ya so ya sayar mini da gag ko felham irin na 'yan polo, wai wannan ai ba zai tsayar da ingarma ba, na buga wa Baba waya ya ce in bar su. A auna bakin da zare kafin a tafi, dawakanmu bakinsu siriri ne, mai inci 5 da ya cika shaguna ya yi wa nawa yawa, yana zamewa gefe da gefe. Abin da ake so kamar rabin santimita ya rage kowane gefe, kuma maɗaurin hanci yatsu biyu su shiga ƙarƙashinsa.

Sai maganar fili. Ana buƙatar shimfiɗaɗɗen wuri mai yashi kaɗan, ba mai tauri ba, ba kuma wanda ƙafa ke nutsewa ba. Wurin da muka samu gefen wani filin dawaki ne, aka ba ni fom na cike, aka karɓi hoton fasfo, kwafin katin asibiti da rasit ɗin kasuwa, da kuɗin wata. Sa hannun shugaban wurin ne ya ɗan ja lokaci, kullum a ce ya yi tafiya, amma mai gadi ya bar mu muna shiga kafin takardar ta fito. Muka auna mita 20 a faɗi 40 a tsawo, shi ne ƙaramin fili, babban da ake gasar duniya a ciki mita 20 ne da 60. Muka jera tsofaffin bokitan fenti aka rubuta musu haruffa, A a ƙofar shiga, C a ɗaya ƙarshen, E da B a tsakiyar dogayen ɓangarori, K da H da M da F kowanne mita 6 daga kusurwa, tsakiyar filin kuma X ne, shi ba a sa masa alama. Da farko na ɗauka ƙawa ce kawai, ashe in babu alama ba za ka taɓa sanin da'irarka ta zama ƙwai ba, ko dokin ne ke zaɓar inda zai tsaya ba kai ba.

Makonnin farko ba wanda ya hau. Lonjin ake yi, Baba yana tsakiya da doguwar igiya a ragama da doguwar bulala da ba ya duka da ita sai nuni, doki yana zagaya shi a da'ira mai faɗi, minti 20 gaba ɗaya, rabi hagu rabi dama, bayan asuba kafin rana ta yi zafi. Ni ina zaune a kan bokitin E ina ganin kamar kuɗina ke tafiya a banza. A nan Baba ya karanta mini jerin matakai shida da Jamusawa suka tsara, waɗanda asalinsu ke cikin littafin horon sojan dokinsu na 1912, shekarar da aka shigar da wannan wasan gasar Olamfik a Stockholm. Na farko daidaiton taku, na biyu sakin jiki, na uku riƙon linzami, sai ƙarfin turawa daga baya, sai miƙewa, na ƙarshe tattara jiki. Abin da na zo nema shi ne na uku, kuma ba a tsallake biyun farko a same shi. Ya ce in daina kallon kan dokin, in saurari ƙafa. Tafiya bugu huɗu ce a rarrabe, sassarfa bugu biyu, ƙafar gaba ta dama tare da ta baya ta hagu sannan a juya, ƙaramar sukuwa bugu uku sannan duk ƙafafun su bar ƙasa. Alamun sakin jiki kuwa ba a ɓoye suke ba, wuya ya miƙe gaba ya sauka, wutsiya ta riƙa lilo a hankali, ya fyace hanci da ƙarfi, ya fara tauna. Ranar da ya fara yin haka aka sa masa sinafil ɗin a ƙarƙashin ragama, babu kamazuru, ya riƙa zagayawa da shi kawai har ya gane wannan ƙarfen ba ya cizo.

Daga nan horon ya dawo kaina. Baba ya ɗora ni a kan dokin yana riƙe da igiyar lonjin, ya karɓe kamazurun, ya ce in sa hannu a ƙugu. Mu da muka tashi a sirdi mai gaba da baya masu tsawo, sirdin ne ke riƙe mu, a na turawa babu abin jingina, kuma duk wanda bai zauna da kyau ba da bakin doki yake riƙe kansa ko bai sani ba. Aka koya mini tashi-zauna a sassarfa, ka tashi lokacin da ƙafar dokin ta gaba da ke wajen da'ira ke miƙawa, kunne da kafaɗa da ƙugu da diddige su zama a layi ɗaya, wani lokacin a cire likkafa ma. Cinyoyina sun gaya mini, sallah a zaune na kusa yi. Yaran da ke kiwo a gefen filin har tsayawa suke suna dariya, babban mutum ana juya shi a igiya. Wannan matakin kar ka bari girma ya sa ka tsallake shi.

Da aka dawo mini da kamazuru, bayanin gajere ne amma aikin shi ne mafi tsawo. Igiyar ta shiga tsakanin ƙaramin yatsa da na kusa da shi, ta fito ta saman manuni, babban yatsa ya danne, hannu biyu ba ɗaya ba, daga gwiwar hannu zuwa bakin doki layi ɗaya miƙaƙƙe, gwiwar hannun a sake tana bin kan doki gaba da baya a tafiya da ƙaramar sukuwa. Nauyin da za ka ji, Baba ya ce kamar ka riƙe hannun tsohuwa za ka tsallakar da ita titi, ba ka janta kuma ba ka sakinta. Babban abin da ya juya mini tunani shi ne ba kai ke jawo bakin zuwa hannunka ba, ƙafarka ce ke tura dokin daga baya ya miƙa wuya ya nemi ƙarfen da kansa, hannu jira kawai yake yi. In ya wurga kai sama ba a sauke hannu a danne, ana bin sa da riƙon nan dai, a ƙara ƙafa, a shiga da'irar mita 20, da zarar ya sauko ko da na daƙiƙa ɗaya ne a sassauta yatsu a shafa wuya. In ya naɗe ya ɓuya, nan ma ƙafa ce, a tura shi gaba har hanci ya fito ya ɗan wuce layin goshi. Kalmar da na fi ji a bakin Baba ita ce "ƙafa, Alhaji, ƙafa, bar bakin nan." Tsayawa ma ba da ja ake yi ba, ka miƙe zama, ka daina bin motsin da ƙugunka, ka rufe yatsu, ya rage ka saki. In ka yi rabin wannan ba tare da ka tsaya ba, shi ne rabin tsayawa, da shi ake gaya wa doki ya shirya wani abu na zuwa. Muka riƙa canjin tafiya ba adadi, tafiya zuwa sassarfa, sassarfa zuwa tafiya, a kowane harafi. A ƙarshen darasi a bar shi ya janye kamazurun daga yatsu a hankali, wuya ya miƙe har hanci ya kai wajen gwiwa, in ya bi ƙarfen ya sauka riƙon na gaskiya ne, in wuyan ya tsaya a naɗe ko ya fizge to da saura.

Gyaran tafiyar ya zo ne tare da wannan, ba wani darasi daban ba. Tafiyarsa a da ƙafafun gefe ɗaya kusan tare suke tashi, bugun huɗun ya cakuɗe, a wannan horon kuwa babban aibi ne. Maganin da muka yi shi ne doguwar igiya, wato tafiya da kamazuru a sassauce, fita kilisa cikin gonaki inda akwai hawa da gangara, da tsallaka sanduna da aka jera a ƙasa. Yadda za ka gane ana ci gaba, ka share yashi ka wuce ka sauko ka duba sawu, in kofaton baya ya sauka a kan sawun na gaba ko ya wuce shi to bayan ya fara aiki. Sassarfa kuma gudu yake yi da gajeren taku, sai muka rage saurin ta hanyar jinkirta tashi-zaunan nawa, takun ya yi tsawo da kansa. Muka ƙara lanƙwasa uku daga wannan gefen fili zuwa wancan, da tafiyar gefe inda yake matsawa daga ƙafarka yana ci gaba. Ƙaramar sukuwa ita ta fi ba mu wuya, don shi abin da ya sani daga tsaye sai a guje. Ana nemanta ne a kusurwa, ƙafarka ta ciki a kan majayi, ta waje ɗan baya kaɗan, shi kuma dokin ƙafar baya ta waje ce ke fara bugu, ta gaba ta ciki ita ke jagora. Sukuwar dama ya kama da wuri, ta hagu kuwa sai ya tashi da ƙafar da ba ita ba.

Akwai lokacin da komai ya tsaya cak, wajen tsakiyar hunturu, ƙasa ta yi tauri ga ƙura, dokin ya koma kaɗa kai kamar ba a taɓa yi masa komai ba. Abokai suka dawo da maganar igiyar nan da ake ratsawa ta zoben linzami a ɗaure a majayi don ta jawo kai ƙasa, wani har aro ya kawo mini, kuma gaskiya in ka sa nan take doki zai yi kyau a hoto. Baba ya ce in na sa to in nemi wani koci. Ya ce ko a Turai an yi rigima a kan naɗe wuyan doki da ƙarfi har haɓa ta taɓa ƙirji, sai da hukumar wasannin dawaki ta duniya, FEI, da ke Lausanne a Suwizalan ta haramta yin hakan da tilas a 2010. Muka koma baya, lonjin da kilisa da doguwar igiya, aka riƙa yayyafa wa filin ruwa, ni ke biyan mai kura. Da muka duba sosai ma sai ga gefen leɓen ya tsage saboda bushewar iska, aka riƙa shafa masa man kaɗanya, aka huta da linzami har ya warke. Tun daga nan duk ranar da ya canza hali, jiki muke fara dubawa kafin a ce taurin kai ne.

Da abubuwa suka daidaita Baba ya sa ɗansa ya fitar mana da takardar jarrabawar masu farawa daga intanet, aka buga a shagon kwamfuta. Ka shiga ta A, ka tsaya a X ka gaisar, da'ira a nan, canji a can, kowane motsi ana ba shi maki daga 0 zuwa 10, 5 ya wadatar, 6 ba laifi, 7 da ɗan kyau, 8 ya yi kyau. Baba ya zauna a C da biro, yaron barga yana ɗaukar bidiyo da wayata. Sassarfa da tafiya da doguwar igiya sun samu 6 da 7, sukuwar hagu ta samu 4, tsayawar ƙarshe ƙafar baya ɗaya ta zauna a baya. Bidiyon ya fi makin amfani, don abin da kake ji a sama da abin da ke faruwa a ƙasa sau da yawa ba ɗaya ba ne. Abin da ya fi faranta mini, bakin a rufe yake daga farko har ƙarshe, da ɗan farin kumfa siriri a leɓe.

Wanda zai fara, ya bi jerin nan yadda yake, haƙori, baya da sirdi, kofato, abinci, sannan linzami, sannan fili. Kuɗin da ake biya a farko su ne likita, sirdi da linzami, masu dawowa a kai a kai kuwa koci, fili, mai kofato da ɗan ihsanin yaron barga, wanda in bai yarda da tsarin ba zai rushe maka shi da rana in ba ka nan. Gajeren darasi kusan kullum ya fi dogo sau ɗaya a mako, a bar masa rana ɗaya ta hutu. Kar a ba da aron dokin ko ga ɗan uwa ne, hawa ɗaya da fizga yana iya mayar da ku baya da makonni, wannan ya jawo mini ɓacin rai a gida amma na tsaya a kai. Kuma kar a fara ana saura wata guda sallah a ce ana so a fita da shi, ba a fafe gora ranar tafiya, abin na watanni ne. Da sallar ta zo ni sinafil ɗin na sa masa a cikin kayan kwalliyar kai, da yake ba na cikin masu jafi babu abin da zai sa in nemi zamiya, sirdin gargajiyar kuma aka kai wa mai gyara ya ɗaga gabansa ya ƙara shimfiɗa. Yanzu sukuwar hagu muke fama da ita, muna nemanta daga tafiyar gefe a shiga kusurwa, kuma likitan ya rubuta a kati a sake buɗe bakin in shekara ta zagayo.